Wanda Ya Ciji Bature Shi Ya Shiga Taswira

Ɗan yayata ne ya ja ni Minna, ko kuma in ce uwarsa ce ta tura ni. Yaron yana karatun digiri na biyu a kan ƙwari, kuma tun ranar da labarin ya iso gida 'yan'uwansa suka laƙaba masa Sarkin Fara. Yaya ba ta shiga tsokanar ba, amma abin yana cin ta a rai. Ta ce mini, "Kai da ba ka rabo da yawo, je ka gano mini abin da yake yi da kuɗina. Wata biyu ke nan ba abin da yake tambaya sai kuɗin kofin roba da yadin gidan sauro." Na ce to, Yaya.

Na bar Kaduna da sassafe a ƙarshen Yuli, damina ta zauna da gindinta. Daga mararrabar Dikko muka karya zuwa Lambata, a nan ƙasa ta fara sauya kama. Kunyoyin doya suka karɓe gonaki, kaɗanya da ɗorawa tsaitsaye a tsakiyar shuka, matan Gbagyi, waɗanda mu muke ce wa Gwari, suna tafe a gefen titi da kaya a kafaɗa maimakon ka. Manyan motoci sun cinye kwalta sun bar ramuka, har direba ya gaji ya daina ba mu haƙuri.

Motar ba ta kai ni Minna ba. Yaron ya ce in sauka a mararrabar da ake shiga Gurara, na tarar da shi a kan aron babur, ya yi baƙi ya rame, aljihunsa cike da 'yan kwalabe. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Kawu, kafin ka ga gari, zo ka ga inda aka fara aikin."

Gurara a Yuli ba wurin wasa ba ne. Ruwan ya yi ja kamar kunun kanwa, yana faɗowa daga duwatsu da rugugin da sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji ka. Ni na tsaya kallon ikon Allah, shi kuwa ko ɗaga kai bai yi ba. Ya gangara wani gefe inda ruwa ke gudu a kan dutse, ya kamo wani ganyen ciyawa da ke lilo a cikin ruwan ya miƙo mini. Da farko ban ga komai ba. Da na ƙura ido sai na ga wasu 'yan tsutsotsi baƙaƙe, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, kowace ta manna gindinta a ganyen ta saki kanta tana tace abinci daga ruwa. 'Ya'yan baƙin ƙuda ke nan. A danginsu akwai wanda masana ke kira Simulium damnosum, mai ɗauko tsutsar makantar kogi daga jikin wani ya kai jikin wani. Na yi saurin sakin ganyen. Ya yi dariya ya ce ba dukkansu ke cizon mutum ba, kuma ba zai iya rantsuwa a kan wane iri ne wannan ba sai ya sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma.

A bakin wannan ruwa ya ba ni labarin R. W. Crosskey, Baturen Ingila da ya bi kogunan Arewa a shekarun 1950 yana ɗaga ganye da duwatsu, har ya wallafa bayanin wuraren da wannan ƙuda yake a 1956. A tsohuwar masarautar Abuja, wato Suleja ta yau, aka yi gwajin farko na yaƙarsa a Arewa, ana zuba DDT a koguna don kashe tsutsar tun tana ruwa. Yadda ake ƙirga ƙudan shi ya fi tsaya mini a rai. Mutum ne zai zauna a bakin kogi ya naɗe wando, ya bar ƙwaurinsa a fili, duk ƙudan da ya sauka ya kife shi da 'yar kwalba, tun safe har yamma. Da ƙafafun mutanen ƙauyukan nan aka zana taswirar, amma in ka buɗe takardun sunan mai alƙalami za ka tarar a sama.

Muka shiga Minna ta Paiko da Chanchaga da la'asar. Gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Layin Baro zuwa Kano, wanda aka fara a 1907 ya isa Kano a 1911, ta nan ya ratsa, a nan kuma layin da ya taso daga Ikko ta Jebba da Zungeru ya zo ya haɗe da shi. Sai a 1976 garin ya zama babban birnin sabuwar Jihar Neja. Washegari da na ce ina so in ga tsohuwar tashar jirgi, na zaci na huta da zancen ƙwari na awa ɗaya, ashe ban tsira ba. A shekarun da ake shimfiɗa wannan layi ne wani kwamitin binciken ƙwari da aka kafa a Landan a 1909 ya turo James Simpson ya zaga Arewa yana kama duk abin da ke shan jini, rahotonsa ya fito a 1912. Tsando yake nema, da bobuwa, da sauro, da kaska. Dalilin a fili yake: Zungeru ce hedikwatar gwamnatin Turawa ta Arewa a lokacin, dawakin Turawa suna mutuwa da sammore, ma'aikatansu suna kwanciya da zazzaɓi.

Aikin tsando kuwa an yi shi da gaske, ba a yi ha'inci ba. An gane cewa iri biyu, palpalis da tachinoides, ba sa nisa da kurmin bakin rafi, morsitans kuwa dajin doka yake bi inda namun daji suke. An gane macen ba ta zuba ƙwai kamar sauran ƙudaje, tsutsa ɗaya take haifa duk bayan kwana 9 ko 10, don haka in aka matsa mata ba ta saurin farfaɗowa. A kan wannan sani aka sare kurmi a Anchau aka gina Takalafiya, aka kafa cibiyar binciken sammore da ciwon barci a Kaduna, daga baya aka bi daji da feshi, har aka raba kimanin murabba'in kilomita 200,000 na Arewa da tsando kafin ƙarshen shekarun 1970. Makiyayi da yake kiwo a yau inda kakansa bai isa ya kai saniya ba ya san amfanin wannan taswira, kuma ni ba zan raina ta ba. Sai dai duk taswirar ƙwaron da aka zana a ƙasar nan da kuɗin gwamnati, in ka duba, ta wanda ake shirin kashewa ce. Wanda ya ciji Bature ko dokinsa ya samu shiga. Wanda yake ciyar da mu shiru ba a tambayi inda yake kwana ba.

Wurin aikin yaron wata gona ce a hanyar Bida, gaba da Gidan Kwano inda Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, take da babban mazauninta. Mun isa bayan sallar asuba, raɓa ta jiƙa mu har gwiwa. A nan na ga inda kuɗin Yaya suke tafiya. Kofunan roba 20 ya binne a layi, bakin kowanne daidai da ƙasa, da ɗan ruwan sabulu a ciki, ta yadda duk mai yawon dare a ƙasa zai zurma. Goma a cikin gonar da ake feshin maganin ciyawa, goma a wata saura da ke gefen rafi. Yadin gidan sauron kuwa ya ɗinka shi kamar 'yar rumfa mai tsini, ƙwaro mai tashi ya bugi yadin ya yi ta hawa sama neman haske har ya faɗa kwalbar da ke ƙololuwa.

Ya ciro kofi ɗaya na gefen rafi ya juye a farin faranti. Buzuzu biyu, ɗaya baƙi wuluk, ɗaya kore mai sheƙi kamar an shafa masa mai. Gyare. Ƙadandoniya ta naɗe kamar gammo. Gizo-gizo uku, babu mai kama da wani. Tururuwa da cinnaka, da wasu 'yan mitsi-mitsi da na ɗauka datti ne sai da ya taɓa su da tsinke. Masana sun haɗa duk waɗannan a gida ɗaya, masu ɓawo a waje da ƙafafu gaɓa-gaɓa: masu ƙafa 6, da masu 8 irin su kunama da kaska, da shanshani, har da ƙaguwa. Na ce masa ai Bahaushe ya riga su, tun da can ƙwaro yake ce wa kowa, ƙaguwa kaɗai ya ware. Masu ƙafa 6 kawai, waɗanda aka raɗa wa suna a duniya sun kai kimanin miliyan 1, kuma wani ƙiyasi da Nigel Stork ya fitar a 2018 ya ce duka-duka za su kai miliyan 5 da rabi.

Abin da ya fi ɓata masa lokaci ba kamun ba ne, 'yar takardar da yake jefawa cikin kowace kwalba ce. Da fensir yake rubutawa, don sinadarin da ake adana ƙwarin a ciki yana wanke tawadar biro. Sunan wuri, lambobin da wayarsa ta ba shi na daidai inda muke tsaye, kwanan wata, irin tarkon, sunan wanda ya kama. Na ce duk wannan a kan buzuzu? Ya ce, "Kawu, ƙwaron da ba shi da takarda gawa ce kawai. Mai takarda shi ne shaida." Mai gonar, wani dattijo Bagbagyi da Hausa ta zauna a bakinsa, yana tsaye yana kallonmu. Ya nuna koren buzuzun da sandarsa ya ce wannan sai inda shanu suka kwana, kuma da rani ba a ganinsa. Yaron ya rubuta har wannan a littafinsa.

A rana ta uku muka nufi Bida, kuma a wannan hanya na ga abin da ya sa na daina yi wa karatun kallon wasa. Jihar Neja ce kan gaba a kaɗanya a Najeriya, kuma kaɗanya tana da tsutsarta, wadda Nufawa ke kira manimani, masana kuma Cirina forda. Uwarta wani babban malam-buɗe-littafin dare ne da ke fitowa daga ƙasa da farkon damina ya zuba ƙwai a reshe. 'Ya'yan su cinye ganyen bishiyar ƙarƙaf, in sun ƙoshi su gangaro su shige ƙasa a gindinta, su yi wata da watanni a can sai wata daminar. A wannan gangarowa mata ke tsince su da sassafe, a tafasa da gishiri, a shanya, a kai kasuwa, har ƙasar Yarabawa ana kai su. A wani ƙauye kafin Kataeregi muka tarar da wata mata ta baza su a tire a bakin hanya. Na ɗan yamutsa fuska, sai na tuna ni ne nake sayen fara da yaji a leda, na saki fuskata.

Yaron ya tsuguna ya ce, "Mama, bana sun yi yawa?" Ta ce sun yi, amma ba a ko'ina ba. Ta shiga lissafa masa da yatsu: bayan makaranta akwai, hanyar rafi akwai, gonar da tarakta ta shiga shekara biyu a jere babu ko ɗaya, can wajen tudu kuma ba tsutsar ce ta ƙare ba, bishiyoyin ne masu gawayi suka kwantar. Buhunan gawayin ma ga su jibge a gefen titi, mun wuce su ba adadi. Cikin minti biyar matar nan ta zana taswirar da babu ita a kowane ofis, bishiya bishiya, shekara shekara. Da muka koma kan babur ya ce mini ba zai iya rubuta cewa tarakta ce ta kashe su ba sai ya tona ya ƙirga, amma tunda a ƙasa suke kwana, maganarta abin bi ce.

Kaɗanyar kanta a hannun ƙwaro take. Binciken da aka yi a Gana da Burkina Faso ya nuna ƙudan zuma da galla su ne manyan masu kai mata barbara, kuma furen da aka hana su kaiwa gare shi 'ya'yansa raguwa suke. Ke nan man kaɗen da ake tuƙawa a Bida, da wanda ake lodawa zuwa Turai a sa a cakulan da man shafawa, sai da ƙudan zuma da galla suka yi aikinsu a lokacin fure, cikin rani, sannan aka same shi. Galla kuwa a kogon tsohuwar bishiya take gida. Wa ya san yankunan da take da yawa a Neja, da inda ta fara ƙaranci? Masu ɗora amya sun san na dajinsu, iyakarsa ke nan.

Badeggi ba mu daɗe ba, amma a fadamar da ke kusa da ita na ga misalin da ya fi kowanne kama hankalina. Tun 1953 ake binciken shinkafa a wurin, yanzu kuma nan ce hedikwatar Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa. Shinkafar fadama tana da wani maƙiyi, ɗan ƙuda mai kama da sauro, wanda tsutsarsa ke shiga zuciyar shuka, sai reshen ya fito kamar ganyen albasa, bututu fari, ba zai taɓa yin zangarniya ba. A 1988 ya yi wa manoman Abakaliki mummunar ɓarna, kuma fadamun ƙasar Nufe suna cikin wuraren da ya fi damu. Shi ma an bi sawunsa, tunda maƙiyi ne. A cikin bin sawun aka tarar yana da nasa maƙiyan, wasu 'yan zanzaro da ido da ƙyar yake ganinsu, masu zuba ƙwai a jikinsa su cinye shi ta ciki. Aka kuma tarar cewa kafin shinkafa ta taso, waɗannan 'yan zanzaro suna samun abin rayuwa a jikin wani ɗan'uwan ƙudan da ke zaune a ciyawar tumbin jaki, shi kuwa ba ruwansa da shinkafa. Manomin da ya bi gefen fadamarsa da feshi ya ƙone tumbin jaki tas don gona ta yi kyan gani, ya kori masu gadinsa bai sani ba. Yaron ya tsinko min bututun guda, ya tsaga da farce, ya nuna min 'yar tsutsar a kwance a gindi.

Daren ƙarshe a ɗakinsa da ke Bosso ya buɗe kwamfuta ya nuna min rumbun GBIF, inda gidajen adana halittu da masu bincike na duniya ke zuba bayanan abin da aka gani da inda aka gan shi. Ya kira taswirar Najeriya ya ce ta nuna tsuntsaye, ɗigo ya rufe ƙasa. Wannan aikin masu atalas ɗin tsuntsaye ne da cibiyar APLORI ta Jos ke jagoranta, waɗanda suka yanka ƙasar gida-gida kamar dara, kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye 9 a kwance, 'yan sa-kai suna bi suna cikewa. Da ya ce ta nuna ƙwari sai allon ya washe. Ɗigon ya taru a inda jami'o'i da manyan birane suke, sauran kuma ya bi titi kamar tururuwa ta samu layin sukari. Neja ta fi kowace jiha faɗi, kimanin murabba'in kilomita 76,000. Muka buga lissafi a bayan takarda, gidajen dara kusan 900 ke nan. Shi yana aiki a cikin guda ɗaya.

Ba wai ba a taɓa yin komai ba. J. T. Medler ya fitar da jerin ƙwarin Najeriya a 1980, Torben Larsen ya fitar da littafinsa na malam-buɗe-littafin Afirka ta Yamma a 2005, inda Najeriya kaɗai take da iri fiye da 1,000, kuma akwai akwatunan ƙwari a Samaru da aka daɗe ana tarawa, ban da waɗanda ke Landan. Amma jeri yana gaya maka abu yana ƙasar ne, ba ya gaya maka yana Kuta ko yana Lapai, balle ya gaya maka ko yana nan har yanzu. A Jamus, masu sha'awar ƙwari na garin Krefeld sun kafa irin wannan rumfar yadi tasa shekara 27 suna auna abin da ta kama, shi ya sa a 2017 aka iya cewa ƙwari masu tashi sun ragu da fiye da kashi 75 cikin 100 a wuraren da suka auna. Mu da ba mu auna jiya ba, ko sun ragu sai dai mu ce da ƙuruciyarmu fitilar titi ta fi tara shinge.

Na sa yatsa a wani babban fili fari a arewa da gabashin Minna na ce nan fa? Ya yi shiru, sannan ya ce Shiroro ke nan, da Munya, da Rafi, da dajin Allawa. Can yamma kuma Gandun Dajin Kainji. Wuraren da suka fi sauran daji su ne waɗanda ɗan makaranta ba zai shiga da raga da kwalba ba a yanzu, saboda masu bindiga. "In na je aka ɗauke ni, Kawu, kai za ka gaya wa Umma." Ban ce komai ba, don ina cikin masu hana shi.

Cikin dare aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da asuba, maimakon tasha, sai na bi shi gonar. Kofuna 7 na gefen rafi sun cika sun tumbatsa, abin da ke ciki ya bi ruwa, biyu ma laka ta binne su sai da muka tona da hannu. Na ga ya buɗe littafi, na ce ai sai ka sa sifiri. Ya ce a'a, sifiri na nufin an duba ba a samu ba, wannan kuwa ba a duba ba, in ya haɗa su zai yi wa rafin ƙarya. A gaban kowane ɗaya daga cikin bakwai ɗin ya ja layi ya rubuta "ruwa ya ci". Dattijon mai gona ya kawo mana fatanya, muka sake haƙa ramukan ɗan sama da inda suke, yaron yana daidaita bakin kowane kofi da ƙasa da tafin hannunsa. Wayata ta yi ƙara a aljihu, Yaya ce. Hannuna duk laka, na ce masa ya ciro ya amsa da kansa.